Daga Aci-balbal Zuwa LED: Tarihin Kuɗin Haske a Zangon Tamale



Akwai tambayar da ta yawaita a bakin masu gida da 'yan haya da kwamitocin masallatai, wato ko ƙwan fitilar nan na zamani da ake kira LED ya cancanci kuɗinsa, tunda a shago ɗaya sai ka tarar da mai araha da mai tsada, kuma dukkansu fari fat suke idan an gwada maka. Tambayar ƙarama ce a ido, amma ta sha haɗa maƙwabta faɗa a gidajen da mita ɗaya ke ɗauke da ɗaki goma, har maganar ta kai gaban dattawa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Idan muka bi tarihin yadda kakanninmu suka haskaka ɗakunansu tun daga zamanin fatauci, za mu ga cewa sun daɗe da sanin amsar: kuɗin fitila yana cikin abin da take ci kowane dare, kuɗin sayenta kuwa somin taɓi ne.

Zamanin mai da lagwani

Kakanninmu sun shigo wannan ƙasa ta hanyar Gwanja, suna tahowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro daga kasuwar Salaga. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken garin, wasu suka gangara Kete-Karachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu suka nufi Kumasi da Yandi da sauran wurare. Da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkin arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale a 1907, sai garin ya fara jan 'yan kasuwa da mahauta da maɗinka da malamai, zangonmu ya kafu a tsakanin masu masaukinmu Dagwamba.

Fitilar wancan zamani ita ce aci-balbal: ɗan kasko na yumɓu ko na ƙarfe, a murza auduga ko tsumma a yi lagwani, a zuba mai. A wannan ƙasa da itacen kaɗanya ya wadata, man kaɗe ne ya fi samuwa, sai kuma man gyaɗa. Kaskon ba shi da wani kuɗin kirki, kuma yakan shekara da shekaru bai fashe ba. Man ne abin lissafi, domin man da fitila ke sha shi ne na girki, shi ne na shafawa, shi ne kuma abin da mace za ta kai kasuwa ta sayar. Saboda haka uwargida tana ganin kuɗin haskenta da idonta, tana ganin yadda yake raguwa a kasko. Ba a barin fitila tana ci a ɗakin da ba kowa. Almajirai kuwa, da yake karatun dare yana son haske mai yawa kuma mai ya fi ƙarfinsu, sai su yini suna tara kara da itace, da dare a hura wuta a tsakar makaranta a kewaye ta da alluna. Wannan ma biya ne, sai dai da gumi ake yin sa.

Kananzir da garwarsa

A 1859 aka haƙa rijiyar man fetur a Titusville ta jihar Pensilbaniya a Amurka, kuma abin da aka fara nema a cikin wannan mai shi ne kananzir na fitila, tun kafin a san mota. Kamfanonin Turawa na bakin teku suka riƙa shigo da shi cikin gwangwanaye masu cin galan huɗu, ya bi hanyar Kumasi, ya ƙetare kogin Bolta a Yeji, ya iso arewa. Wannan gwangwani shi ne garwa, wadda bayan kananzir ya ƙare ta zama ma'aunin ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, har sunan ya zauna a harshenmu.

Tare da kananzir aka samu fitilar ƙwai, mai gilashi da ke kare harshen wuta daga iska, daga baya kuma fitilar famfo mai ƙara da farin haske, wadda attajirai da masu shayi da wuraren tafsiri suka riƙa alfahari da ita. A nan ne kakanninmu suka fara fuskantar irin tambayar da muke yi yau. Fitilar ƙwai ta ninka kaskon aci-balbal kuɗi sau da yawa, gilashinta yana fashewa, kuma kananzir ba a tsinto shi a daji kamar kaɗanya, sai da tsabar kuɗi. Duk da haka suka karɓe ta, domin sun auna sun ga haskenta ya fi, hayaƙinta ya ragu, ana iya fita da ita cikin iska. Kuma har a lokacin ido bai daina ganin lissafi ba: yaro yana zuwa da kwalba a auna masa kananzir na kwana biyu ko uku, uwa ta san ranar da zai ƙare, ta rage lagwani idan an gama cin tuwo.

Wutar da ba a ganin manta

Wutar lantarki ta fara shigowa wannan ƙasa a 1914 a Sekondi, saboda aikin jirgin ƙasa. Tamale ta samu ɗan rabonta wajen 1930, daga injin da ke cikin gari, kuma yawancinta ta tsaya ne a ofisoshi da gidajen ma'aikatan gwamnati. An kafa hukumar kogin Bolta, wato VRA, a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe madatsar Akosombo a Janairun 1966, amma kaso mai tsoka na wutar ya tafi masana'antar narka alminiyam ta VALCO a Tema, sauran kuma ya tsaya a kudu. Arewa ta ci gaba da dogaro da injunan dizal fiye da shekara ashirin bayan haka. A 1987 VRA ta kafa sashen da zai kula da wutar arewa, wanda daga baya ya zama kamfanin NEDCo, a 1989 kuma gwamnatin Rawlings ta ƙaddamar da shirin kai wuta ko'ina cikin ƙasa a tsawon shekara talatin. A wannan tsakani ne layin wutar ƙasa ya hauro ta Techiman ya iso Tamale ya wuce Bolgatanga. Yawancin waɗanda suka haura shekara hamsin a cikinmu da fitilar ƙwai suka yi haddar farko.

Ƙwan da ya zo da wannan wuta shi ne mai zaren ƙarfe a ciki, wanda a nan Gana ake kamanta shi da albasa saboda siffarsa. Asalinsa aikin Joseph Swan ne a Ingila da Thomas Edison a Amurka, wajen 1879. Yadda yake aiki shi ne wuta ta bi ta cikin siririn zare har ya yi ja ya yi haske, don haka fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi take zama. A garin da zafin watan Maris da Afrilu ke kai maki 40, mun yi shekaru muna biyan kuɗi muna ƙara wa ɗakunanmu zafi. Gajeren ransa ma yana da tarihi. A Disambar 1924 manyan kamfanonin ƙwan fitila, ciki har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka haɗu a Janeba suka ƙulla yarjejeniyar da aka sani da Phoebus, suka tsayar da ran ƙwai a kan sa'a 1,000, har da tara ga wanda nasa ya zarce.

Babban abin da lantarki ya sauya a gidajenmu shi ne ya ɓoye man fitila daga ido. Babu kasko, babu kwalba, sai takardar kuɗi da ke zuwa bayan wata, a dunƙule, ba ta ce maka ga abin da ƙwan zaure ya ci ba. Abin da ido ke gani kawai shi ne farashin ƙwai a shago. Daga nan muka koyi sayen mafi araha, muka kuma koyi barin fitila a kunne har rana ta take, abin da kakarmu mai aci-balbal ba za ta taɓa yi ba.

Shekarar da gwamnati ta raba ƙwai

Fari ne ya tuna wa ƙasa wannan lissafi. Ruwan Akosombo ya ja baya a 1983 zuwa 1984, ya sake a 1998, sannan a 2006 zuwa 2007 aka shiga rabon wuta mai tsanani. A 2007, shekarar da aka sauya kuɗin sidi, gwamnatin John Kufuor ta sayo ƙwai miliyan 6 na irin farin nan mai murɗaɗɗen bututu da ake kira CFL, ta raba kyauta, ana karɓar na albasa a madadinsa. Lissafin hukuma ya nuna cewa wannan ya rage buƙatar wuta a lokacin da ta fi yawa, wato da almuru, da kimanin megawat 124. Madatsar Bui da aka buɗe a 2013 bayan shekaru ana gini megawat 400 take bayarwa, ka ga canjin ƙwai kaɗai ya tsimin kusan sulusin madatsa guda. A 2008 aka kafa dokar LI 1932 wadda ta haramta ƙera ƙwan albasa da shigo da shi da sayar da shi, tare da tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki.

CFL ya yi aikinsa, amma yana da nasa aibi. Yana ɗauke da 'yar sinadarin makuri mai guba a cikin bututunsa, shi ya sa bai kamata a bar yara su yi wasa da fasasshensa ba. Yawan kunnawa da kashewa yana rage masa kwana, kuma idan wuta ta yi rauni sai ya yi ta kyafta ido.

Sai kuma shekarun dumsor, kalmar Ashanti mai nufin kashe-kunna. A Agustan 2012 wani jirgin ruwa ya lalata bututun iskar gas da ke tahowa daga Najeriya a kusa da Lome, tashoshin wuta suka rasa makamashi, matsalar ta haɗu da wasu ta ja har zuwa 2016. A Disambar 2015 hukumar tsara farashi, PURC, ta ƙara kuɗin wuta da kashi 59.2 cikin ɗari a tashi ɗaya. A waɗannan shekaru ne yawancinmu muka san LED, kuma ba a silin muka fara ganinsa ba. Ya shigo ne ta tocila da fitilun caji da ƙananan fitilun sola, waɗanda suka kori fitilar ƙwai daga teburin mai shayi da mai tsire ba tare da wata doka ba, saboda ɗan batir yana riƙe su dare guda.

Asalin LED da yadda yake aiki

LED ba shi da zare, ba shi da hayaƙin makuri. Wani ɗan ƙanƙanin sinadari ne irin wanda ake ƙera kayan cikin rediyo da waya da shi, wanda idan wuta ta ratsa shi sai ya fitar da haske kai tsaye. Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a Amurka a 1962, shi ne ɗan jan idon da muke gani a jikin rediyo da talabijin. An yi shekara talatin ana neman mai shuɗin haske, domin sai da shi ake iya samun fari. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka cim masa, aka ba su lambar Nobel a 2014. Farin ƙwan da ke ɗakinka shuɗi ne a ciki, an lulluɓe shi da wani rawayan shafe da ke mayar da hasken fari. A gindinsa kuma akwai 'yan kayan lantarki da ke daidaita wutar da ke shiga, kuma a nan ne nagari da na banza suke rabuwa.

Lissafin a fili

Hasken da ƙwan albasa mai wat 60 ke bayarwa, CFL yana bayar da shi da kimanin wat 15, LED kuma da kimanin wat 9. Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1,000 na tsawon sa'a guda. Idan ƙwai yana ci sa'a biyar kowane dare, a wata na albasa zai sha yunit 9, CFL yunit 2.25, LED yunit 1.35. Gidan da ke da ƙwai shida ke nan zai ƙone yunit 54, ko 13.5, ko 8.1. Wajen kwana kuma, na albasa sa'a 1,000 ne, wato bai cika wata bakwai ba a irin wannan amfani. LED nagari ana rubuta masa sa'a 15,000 ko fiye, kimanin shekara takwas. A cikin wannan tsawo na albasa zai ci yunit 900 da ƙwai goma sha biyar, LED ɗaya kuma yunit 135. Kowa ya ɗauki rasidin mitarsa ya duba nawa yunit yake a yau, ya ninka, zai ga amsar da kansa.

Daga wannan lissafi abubuwa uku ke fitowa. Duk wanda har yanzu yake da ƙwan albasa a bayan gida ko ɗakin girki ko kejin kaji don haske, ya cire shi yau, kuɗin sabon zai dawo cikin 'yan watanni. Wanda yake da CFL mai lafiya a ɗakin da ba a daɗewa a ciki, ba dole ya yar da shi ba, domin ratar da ke tsakaninsu ba ta kai yunit ɗaya a wata ba, ya bari ya mutu sannan ya musanya. Inda riba ta fi saurin fitowa shi ne fitilar da ke kwana a kunne: ƙofar gida, harabar masallaci, gaban shago, makarantar dare. Doguwar fitilar bututu ta da, mai cin kimanin wat 40, idan tana sa'a goma sha biyu kullum tana shan yunit 14.4 a wata, takwararta ta LED mai wat 18 kuma ba ta kai yunit 6.5 ba. Kwamitin masallacin da ke neman inda zai rage kashe kuɗin sadakar jama'a, nan ya kamata ya fara.

Inda lissafin ke karyewa

Duk wannan ya tsaya ne a kan sharaɗin cewa ƙwan zai yi kwanan da aka rubuta masa, kuma a nan masu ƙorafi suna da gaskiya. Da yawa daga cikin masu arahar da suka cika kasuwar Aboabo da kan tebura ba sa kai shekara. Ɗan hasken da ke ciki bai cika mutuwa da wuri ba. Kayan gindin ne ke ƙonewa, kuma abokan gabarsu biyu ne, dukkansu muna da su: zafi da hawa da saukar wuta. Ƙwan da aka rufe cikin gilashi a ƙarƙashin kwanon rufi a watan Afrilu yana dahuwa ne a hankali. Wani kuma an rubuta masa wat 15 alhali bai kai rabin haka ba. Ƙwan da ya mutu a wata huɗu ya mayar da mu zamanin albasa da farashin LED.

Tun 2017 akwai dokar da ta sanya wa ƙwan LED ma'aunin inganci da takardar shaida a ƙarƙashin Hukumar Makamashi, irin tsarin taurarin da muka saba gani a jikin firji. Mai saye ya duba kwali. Ya nemi adadin lumen, wanda shi ne ma'aunin haske na gaskiya, domin wat ma'aunin ci ne: ɗaki matsakaici yana son kimanin lumen 800. Ya duba ko an rubuta cewa ƙwan yana jure wuta mai rauni da mai ƙarfi. Ya ɗaga shi a hannu, tunda nagari yakan fi ɗan nauyi saboda ƙarfen da ke janye zafi. Ya kuma saya a wurin wanda zai karɓa ya canza idan ya mutu da wuri, ya rubuta ranar saye a gindin ƙwan. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, araha kuwa ba ta ado.

Mita ɗaya, ɗaki goma

Matsalar da ta fi shafar zangonmu ba ta cikin kwali. Yawancin gidajenmu na haya mita ɗaya gare su, kuma an saba raba kuɗin wata ta hanyar ƙirga kai: ƙwai ɗaya kaso ɗaya, fanka kaso kaza, firji kaso kaza. Wannan tsari an gina shi ne a zamanin da kowane ƙwai wat 60 ne ko 40. Yau mai wat 9 da mai wat 40 suna biyan kuɗi ɗaya, sai ya zama wanda ya kashe kuɗinsa ya sayi nagari shi ne ke ciyar da maƙwabcinsa, ribar tsiminsa ta watsu a ɗaki goma. Ba mamaki ya ce LED bai amfane shi da komai ba, kuma a aljihunsa gaskiya ya faɗa.

Ga kuma rangwamen da ake yi wa masu ƙaramin amfani. Da can duk mitar da ba ta wuce yunit 50 a wata ba tana biyan farashi mai sauƙi. Daga Satumbar 2022, lokacin da kuɗin wuta ya ƙaru da kashi 27.15 cikin ɗari, iyakar ta dawo yunit 30. Tsohuwar da ke da ƙwai biyu na LED da rediyo da cajin waya ba ta kai ko kusa da wannan iyaka, amma da yake mitar gidan tana haɗa ta da mutum tara, ba ta taɓa ganin rangwamen da aka yi domin irinta.

Shawarar da dattawanmu ke bayarwa idan irin wannan ƙara ta zo ita ce a daina ƙirga ƙwai, a koma ƙirga wat da sa'o'i. A zauna sau ɗaya, a rubuta abin da kowane ɗaki ke da shi da wat ɗin da ke jikinsa, a raba kuɗi a kan haka. Za a ga cewa fanka ɗaya tana cin abin da ƙwai shida na LED ke ci, dutsen guga kuwa ya haura ƙwai ɗari a lokacin da yake kunne, don haka faɗan da ake yi a kan fitila sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki. Fitilun tsakar gida da ƙofa da bayan gida, waɗanda na kowa ne, a haɗa kuɗi a sayi nagari a tashi ɗaya. Inda hali ya samu kuma, mai gida ya nemi a raba mita, domin mitar kati ta dawo mana da abin da muka rasa tun zamanin kwalbar kananzir: mutum yana ganin man fitilarsa yana raguwa a gaban idonsa.

Amsar tambayar ke nan a taƙaice. LED nagari ya cancanci kuɗinsa, ya fi cancanta a fitilar da ke daɗewa a kunne, kuma ribarsa ba ta isa aljihun mai saye sai an gyara yadda ake raba kuɗin wuta a gida. Muna roƙon masu gida su kira 'yan hayarsu kafin ƙarshen wata a yi wannan zama, limamai da kwamitoci kuma su duba fitilun harabarsu. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a abin da muke samu.